Tafintan Ƙarya a Kano

Tun da muka dawo daga Kano ban ɗinka jaka guda na gama ba. Da na zauna a rumfata ta Birni na ɗauki basilla, sai wani ya tsuguna ya ce, "Isufu, yaya Kanon?" In fara ba shi labari, kafin in kai iyaka wani ya iso ya ce a komo daga farko. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in koma ga fatuna.

Ga wanda bai san ni ba, ni baduku ne ɗan baduku. Na yi shekara huɗu a lekol, wato makarantar boko, kafin mahaifina ya ce ya isa haka, in zo in kama sana'a. Da wannan guntun Faransancin na shiga wasan kwaikwayo, wanda muke kira teyatur a nan Damagaram. Mushe Laminu, malamin lekol, shi ya haɗa mu. Mushe kuwa haka muke kiran malamin boko, daga Faransanci. Duk wasan da zai shirya, mutanen cikinsa ba sa canzawa, suna kawai ake sakewa. Akwai saurayi talaka mai gaskiya, wannan na Kiyari ne, dogon nan mai wushirya da ke aiki a gidan waya. Akwai wawan da kowa ke rainawa, amma shi ke tona asiri a ƙarshe, wannan na Baba Tanko ne, tsohon soja. Mushe da kansa ke shafa farar ƙasa a fuska ya zama Kumandan, Nasaran da ke mulkin gari. Ni kuwa mugu. Na yi ɗan kasuwa mai tauye mudu, na yi boka maƙaryaci, amma wanda ya manne mini shi ne tafinta mai jar hula. Talaka zai kawo kuka gaban Kumandan cewa an ƙwace masa sa, ni in karɓi kaza a bayan fage daga abokin shari'arsa, in juya maganarsa da Faransanci ta koma zagi.

Wannan jar hular ta ja mini abin da ban yi zato ba. Yara na bi na a lungu suna kiran tafinta. Wani Bafillace ya zo sayen kube, da ya gane fuskata sai ya wuce rumfar gaba. Rannan matata Hadiza ta dawo daga gidan suna ta ce, "Malam, yau har da wadda ta kora kajinta ɗaki da ta ga na shigo. Wai matar tafinta ta zo." Ta yi dariya, amma na ga dariyar ba ta kai ciki ba.

Ana haka sai ga takarda daga Damagarawan da ke zaune a Fagge ta Kano. Sun ji mun samu 'yancin kai wata guda da ya wuce, suna so su ma su yi nasu murnar, a kawo musu teyatur na gida. Na ce wa Mushe, "Zan je. Amma daga Kano ka nemi wani kan da za ka ɗora wa hular nan. Ko sau ɗaya ne, ni ma ina so a tafa mini."

Ya ce, "Mu je mu dawo tukuna."

Muka tashi ranar Talata da hantsi a kamiyo, babbar motar ɗaukar fatu da kanwa. Ni warin fata bai dame ni ba, a cikinsa na girma, amma Kiyari ya toshe hanci da rawani tun daga Zango har Kance. Damina ba ta ƙare ba, hanya duk caɓi. Kafin Matamaye ƙafar baya ta nutse, muka sauka muna turi, mutanen wani ƙauye suka fito da itace suka taimaka. Da motar ta fita sai muka nufi wata mai fura a gindin gawo. Ashe bara ta ga wasanmu a kasuwar Matamaye. Ta dama wa Kiyari da nono mai kauri tana cewa, "Allah sarki, an dai mayar maka da sanka ko?" Da na miƙa ƙwaryata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ai ka ƙoshi da kajin mutane." Ta juya baya. Sai da Baba Tanko ya rantse mata cewa ni baduku ne mai salla biyar, sannan ta zuba mini, tsululu kamar ruwan wanki. Aka yi ta yi mini dariya har iyaka.

A ɓangarenmu ba a tsayar da mu ba, duba takarda kawai aka yi. A ɓangaren Ingilishi ne muka sha kallo. Ma'aikacin duwan, su kwastan suke cewa, ya buɗe akwatin kayan wasa ya ciro kakin gardi, wato ɗan sandan Kumandan, da bulala, da hular kwano irin ta Nasara, da bindigar itace da muka shafa wa baƙi. Ya ja da baya ya ce, "Ku su wane ne? Sojan Faransa?"

Mushe ya miƙa masa takardarmu. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, Faransanci ne, bai karanta ko harafi ba.

Ya ce, "To, in wasa ne, a yi mu gani."

Nan muka yi shi a ƙarƙashin bishiya, fasinja na tsaye, wata mata ta ara mini kazarta. Kiyari ya durƙusa ya ce an ƙwace masa sa. Na gyara hula, na cusa kazar a hamata, na ce wa Kumandan, "Ya ce hancinka ya fi na jaki tsawo." Na faɗa da Faransanci, na juyo na kanne wa jama'a ido na faɗa da Hausa. 'Yan sandan iyakar da suka zo kallo har da riƙe ciki. Da muka gama mai kwastan ya mayar da kayan cikin akwati da hannunsa ya ce, "Wannan mutumin naku muna da shi a nan. Namu dai Turanci yake murɗawa, kuma rago yake karɓa. Ku wuce, Allah ya kiyaye hanya."

Addu'ar tasa ta yi rana, don ba mu yi nisa ba shofer ɗinmu ya manta cewa a ƙasar Ingilishi hagu ake bi. Sai ga wata babbar mota ta doso mu gaba da gaba tana ta ƙaho. Ya kauce cikin gonar dawa, Baba Tanko ya faɗa kan buhun kanwa ya tashi fari fat. Mushe ya ce to, an samu Kumandan na biyu, ba sai an sayi farar ƙasa ba.

Muka kwana a Daura a zauren wani mai masauki, aka ba mu tuwon dawa da miyar kuka da ba ta da bambanci da ta gidanmu. Abin da ya fi ba ni mamaki a tafiyar nan ke nan. An ce mun shiga wata ƙasa, ga gero iri ɗaya, gaisuwa iri ɗaya, har tsokanar da ake wa baƙo iri ɗaya. Sai an zo maganar ofis da mota da agogo ne za ka ji bakinmu ya rabu. Mu ce shofer, su ce direba. Mu ce za mu likita, su ce za su asibiti. Mai masaukin ya kira mu mutanen Faransa. Baba Tanko ya ajiye loma ya ce, "A'a, maigida. Mu namu Nasaran sun sauka tun watan jiya. Ku ne dai har yanzu mutanen Ingilishi, sai nan da 'yan makonni. In kuna son a koya muku yadda ake yi, ku tambayi yayyenku." Mutumin ya yi dariya ya ƙaro mana nama.

Kano kam birni ce, ban ga amfanin musu ba. Kekuna kamar fara, ga jirgin ƙasa na kuka, ga mutane kowa na sauri kamar an aike shi. Mai masaukinmu Alhaji Brah, ɗan Zindar ne mai fataucin fata, gidansa a Fagge har da lantarki da famfo a tsakar gida. Da safe aka kawo shayi mai madara da burodi mai laushi kamar auduga, ba irin dogon namu mai ɓawo ba. Na ci gurasa da ƙuli, na ci ɗanwake, duk sun yi. Amma kilishinsu, a gaya wa mahautanmu su kwantar da hankalinsu. Na kuma zaga wajen dukawansu a kasuwa, na tarar da jakunkunan Damagaram rataye a gaba, su ake fara nuna wa baƙo. Na tsaya na daɗe ina kallo.

Daren farko bayan magariba Alhaji ya kai mu silima, wani fili mai katanga ba rufi. Fim ɗin Indiya ne. Cikinmu ba mai jin Indiyanci, cikin Kanawan da suka cika wurin ma ban ga alamar mai ji ba, amma ba wanda ya ɓata. Wani saurayi ya fito da tsummar riga, uwarsa makauniya na kuka, nan take wuri ya ɗauki tafi. Wani gajere ya fito yana tuntuɓe da tukwane, Kiyari ya ce, "Baba Tanko, yaushe ka je Indiya?" Can sai ga wani mai gashin baki murɗaɗɗe, ya tsaya bayan mai gari yana yi masa raɗa a kunne, idonsa na kan gonar saurayin. Bai aikata komai ba tukuna, amma silima ta kaure da tsaki da Allah wadai. Wani ya jefi allon da ɓawon rake.

Baba Tanko ya zungure ni ya ce, "Ga ɗan'uwanka."

Na zuba wa mutumin ido har aka tashi. Yadda yake sunkuyawa gaban babba, yadda yake miƙewa gaban ƙarami, yadda yake murmushi da rabin baki, wallahi kamar a rumfata ya koya. A hanyar gida na ce wa Mushe, "Wa ya kai musu labarinmu?"

Ya ce, "Ba wanda ya kai. A littattafan Faransa da nake koyarwa ma suna nan, maraya da marowaci da mai raɗa a kunnen sarki. Kakarka da ba ta taɓa ganin allon silima ba, labarin su wa take ba ka? Ko'ina akwai su, shi ya sa ko'ina ake ba da labarinsu."

Na ce, "To ko'ina ma jifan mai raɗar ake yi."

Ya ce, "Ka ga an jefi uwar saurayin? Ba wanda ya motsa daga kujerarsa sai da mutuminka ya fito."

Ni dai a raina na riga na gama da jar hula.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka yi wasanmu a wani babban fili kusa da gidan Alhaji. Damagarawa suka cika shi, 'yan kanwa da dukawa da tsofaffin sojoji da matansu, Kanawa kuma suka hau katanga. Tun da na ce shi ne na ƙarshe, sai na sake jiki na yi tafintan da ban taɓa yi ba. Har rabin murmushin Ba'indiyen nan na ara. Kiyari ya durƙusa yana roƙo, na sa ƙafa na ture hularsa, na juya ga Kumandan na fara murɗa magana.

Ban ankara ba sai na ji sanda a kafaɗata, tim. Na juyo. Wani tsoho ne siriri da farar riga da ta sha wanki. Matasa suka taso za su riƙe shi, Alhaji Brah ya ɗaga musu hannu. Daga baya na ji sunansa Malam Gambo, mai sayar da igiya a Fagge, mutumin wani ƙauye ne a bakin tafkin Gidimuni.

Ya nuna ni da sandar ya ce, "Ƙarya kake! Ba haka na ce ba!"

Tsohon ya matso gaba. Ya ture Kiyari gefe, ya durƙusa a wurinsa gaban Mushe, mai farar ƙasa a fuska da hular kwano. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙanena Idi ba shi da lafiya. Ƙirji ke damunsa, ba ya iya ɗaukar dutse. In aikin hanya ne, a ɗauke ni a madadinsa, na fi shi ƙarfi." Sannan ya ɗago ya dube ni ya ce, "Gaya masa. Abin da na ce za ka gaya masa."

Shekara shida ina wasan nan, ban taɓa fassara magana daidai ba ko sau ɗaya. Na dubi Mushe, ya gyaɗa mini kai kaɗan. Na tsaya sosai, na faɗi maganar tsohon da Faransanci, kalma bayan kalma, ban ƙara ba ban rage ba. Wani tsohon soja daga cikin jama'a ya ɗaga murya ya ce, "Haka ne, Malam Gambo. Ya faɗa daidai. Ni shaida ne."

Mushe ya dubi tsohon. Sannan ya cire hular kwanon ya ajiye a gwiwa, ya ba da amsa a hankali. Na juyo na ce, "Baba, Kumandan ya ji. Ya ce a bar Idi ya koma gida."

Tsohon ya ce, "To." Ya dafa sandarsa ya miƙe, ya koma wurin zamansa. Na ji mata na sharɓe a baya. Ba mu iya ƙarasa wasan ba ranar, ba kuma wanda ya nemi a ƙarasa.

Washegari da hantsi ya zo gidan Alhaji da man shafawa a ɗan gwangwani. Ya ce, "Ɗana, ina kafaɗar? Kada ka ɗauka na zautu. Na san wasa ne." Ya zauna ya ba mu labari. Shekara talatin da suka wuce aka zo ƙauyensu kamun mutane aikin dole, sunan ƙanensa ya fito. Ya je gaban Kumandan ya faɗi maganar nan da muka ji. Tafinta ya yi 'yar gajeriyar magana, Nasara ya yi ja, aka zane su su biyu, aka tafi da Idi. Bai dawo ba. Daga baya wani gardi ya gaya masa cewa abin da tafintan ya ce shi ne, wai ya ce su ba bayin Nasara ba ne. A daren da ya ji haka ya tsallako iyaka, bai ƙara komawa ba.

Ya ce, "Na sha ba 'ya'yana labarin mutumin nan, ba su gane ba. Jiya da ka ture hular yaron da ƙafa, sai na gan shi tsaye. Da ka sassauta ko kaɗan da ban tashi ba, da maganar tana nan a cikina har kabari. An ce gobe za ku sake. Zan zo da jikokina. Kada ka rage komai saboda ni, ina so su ga fuskarsa."

Ranar Lahadi ya zauna a sahun gaba da jikoki biyar. Na yi mugunta har ƙarshe, Baba Tanko ya tona mini asiri, aka kore ni da ihu. Zagin da na sha ranar ya fi na shekara shida a haɗe, har da takalmi aka jefo. Na tsaya bayan zana ina haki, ina jin zagin, kuma ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na wannan lokacin ba. Mushe ya leƙo ya miƙo hannu ya ce, "Kawo hular, na samu wanda zan ba."

Na ce, "Wa? Wa zai iya?" Na cusa ta a aljihuna.

Da za mu taso, muka tarar da Malam Gambo a tasha da ƙunshin kayansa da buta. Ya tambayi Mushe, "Da gaske ne Nasaran sun sauka?" Mushe ya ce da gaske ne. Ya ce to a ba shi wuri, yana so ya ga tafki, ya ga ko akwai sauran wanda ya san shi. Muka gyara masa buhu kusa da ni. Daga Kano har Daura bakinsa bai rufe ba, yana lissafa dabinon gidansu da sunayen rijiyoyi. Amma da muka wuce ɓangaren Ingilishi muka hango tutarmu sabuwa a kan ofishin iyaka, sai ya daina lissafin. Ya kama hannuna.

Ya ce, "Ba ni da takardar can. Kai za ka yi mini tafinta. Ka faɗa daidai."

Na ce, "In sha Allahu, Baba."

Muka shiga tare. A bayan tebur wani saurayi ne da kaki, baƙi kamar mu, yana rubutu. Malam Gambo ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya fara durƙusawa. Na gyara murya na soma da Faransanci, ban kai kalma uku ba saurayin ya ajiye alƙalami ya zagayo da sauri ya kama kafaɗun tsohon.

Ya ce, "Haba Baba, tashi, ga kujera. Daga ina, zuwa ina?"

Tsohon ya dube ni, ya dubi saurayin. Ya ce, "Da Hausa zan faɗa?"

"Da me za ka faɗa, Baba? Ni ɗan Zermu ne."

Malam Gambo ya zauna a bakin kujerar, ya ɗora sandarsa a cinya. Ya juyo gare ni ya ce, "Ɗana, je ka jira a mota. Zan yi maganata da kaina."